Mu Dai Sai Hawa, Wasu Su Ƙera?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa ina so in baje ta a gabanku, malamai da ɗalibai, kowa ya auna. Maganar mota ce. Duk wanda ya san Tumfure ya san babu sa'ar da hanyar Bauci ke hutawa. Tireloli na ɗauke da siminti da hatsi, tankoki na tafe da mai, ga bas-bas na fasinja, ga ƙananan motocin ma'aikata masu sammakon shiga gari. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996 unguwar ke ta faɗi, motoci na ta ƙaruwa. To, amma a cikin wannan tururuwar ƙarfe duka, guda nawa ne aka ƙera a ƙasarmu? Mutum ya yini yana ƙirga, da ƙyar zai cika yatsun hannu.

Yaran yanzu za su zaci haka abin yake tun fil'azal. Ko kusa. A 1975 aka buɗe ma'aikatar Peugeot a Kakuri ta Kaduna, inda aka riƙa fito da 504, motar da ta zama ta gwamna, ta zama ta ɗan tasi. A wannan shekara kuma Volkswagen ta soma aiki a Ikko. Aka kafa ta Fiat a Kano, ta Leyland a Badun, ta Mercedes a Inugu. Mu ma nan kusa ba a bar mu a baya ba, gama a Bauci, tafiyar kilomita 150 ko fiye kaɗan, akwai ma'aikatar Steyr mai haɗa manyan motoci da taraktocin noma. A zamanin nan ma'aikaci kan karɓi rancen mota, ya sayi sabuwa fil a leda.

Me ya cinye su? Ga amsa a taƙaice: haɗawa muke yi, ba ƙerawa ba. Inji da giya da yawancin sauran kayan ciki a akwatuna suke zuwa daga Turai, namu dai ɗaurawa da fenti. Muddin kuɗin man fetur na shigowa, Naira na da ƙarfi, ba wanda ya ga aibin haka. Sai farashin mai ya faɗi, aka karya darajar Naira a 1986, kuɗin akwatunan nan ya ninka har ya fi ƙarfin mai saye. Masu magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ma'aikatar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka soma ginawa a 1979 don ta ba mu ƙarfen kanmu, ba a kammala ta ba. Daga baya har masu yin taya, watau Michelin da Dunlop, suka rufe ma'aikatunsu. Da sabuwa ta gagara, sai jama'a suka koma ga 'yar Kwatano, motar da wani ya ci moriyarta shekara goma a Turai ko Amurka, mu kuwa mu karɓe ta da guɗa.

Lalle an yi ƙoƙarin gyara. A 2013 gwamnati ta fito da tsarin da ya tsananta haraji a kan motocin waje don a ƙarfafa masu haɗawa a gida, a 2017 kuma aka hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa. Ban ce wannan banza ne ba. Amma haraji shinge ne kawai, shinge kuwa ba ya haifar da amfanin gona sai an yi shuka a ciki. Mece ce shukar? Mutane masu hannu da ilmi tare.

A nan ne maganar ta zo kanmu, mu masu shirin riƙe alli. Ku dubi garejojin da ke bakin hanya daga Tumfure har cikin gari. Ga bakanike, ga mai walda, ga mai gyaran wuta, ga mai buga jiki, ga mai facin taya. Mutanen nan su ne ke riƙe da sufurin ƙasar nan. Bakanike ya kan kasa kunne ga ƙarar inji ya gaya maka ciwonsa, ya kan sassaƙa abin da babu shi a kasuwa ya ta da motar da masu ita a Turai suka yafe. Amma yaya muke kallonsa? In yaro ya kasa a aji, sai ka ji an ce, a kai shi gareji tun da ba shi da ƙwaƙwalwa. Mai ƙwaƙwalwar kuwa a tura shi neman aikin ofis wanda babu. Ashe mu da kanmu muka raba kai da hannu, sa'an nan muna mamakin abin da ya hana mu ƙira!

Wasu ƙasashe ba haka suka yi ba. Soichiro Honda na Japan yaron gareji ne a birnin Tokiyo yana ɗan shekara 15, sai 1948 ya kafa kamfanin da sunansa ke jikin motocin da muke alfahari da su. Kada ma mu tafi nesa. Innocent Chukwuma na Nnewi da cinikin kayan gyaran babur ya soma, daga nan ya kai ga kafa Innoson, wadda aka buɗe a 2010. Da rarrafe yaro kan tashi.

Wani zai ce, ai bakanike na cin abincinsa lafiya, ina ruwansa da boko? Dā ne wannan. Motar yanzu ba ta kabureta ba ce, kwamfuta ce ke sarrafa mai da wutarta. In ta ƙi tashi sai an jona mata na'ura ta faɗi laifinta da lambobi da Turanci. Wanda bai iya karatu ba sai ya shiga canki-canki, ya cire wannan ya sa wancan, mai mota na biya. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, hankali ya koma ga motoci masu aiki da iskar gas da masu lantarki. Tukunyar gas ba abar da za a ɗaura da ka ba ce, kuskure kaɗan sai a rasa rai. In yaranmu ba su koyi wannan aiki ba, ko gyaran ma zai kuɓuce mana, balle ƙira.

Saboda haka ga shawarata, guda uku. Ta fari, duk wanda aka tura koyarwar gwaji ya kiyaye harshensa, kada ya yi wa yaro barazana da gareji kamar kurkuku. In zai koyar da awo ko kimiyya, ya kawo fulogi da batir cikin aji, yara su gani su taɓa. Ta biyu, ƙungiyar ɗalibai ta roƙi hukumar kwaleji izinin buɗe ajin yamma ga yaran gareji, a koya musu karatu da lissafi da karanta zanen wayoyin mota. Ta uku, mu ma mu sauke girman kai mu je wurin iyayen gidansu mu koyi riƙon sifana, gama malamin da ke koyar da inji a kan allo kaɗai kamar mai koyar da iyo ne a kan tudu.

Ban ce gobe za a ƙera mota a Gombe ba. Amma ma'aikata ba daga bulo da kwano take somawa ba, daga aji take somawa, ajin kuwa a hannunmu za a danƙa shi. Wanda ke da ja a kan wannan magana, filin mujallar nan a buɗe yake, ya kawo tasa mu ji. Allah ya sa mu dace, amin.