RA'AYINMU: A Samar Wa Ƙananan Finafinai Wurin Nunawa

A shekarar 2024 Nijeriya ta zaɓi wani fim na Hausa mai suna Mai Martaba domin ya wakilce ta a gasar Oscar ta ƙasar Amurka. Lalle wannan abin alfahari ne. Amma fa kamata ya yi mu tambayi kanmu, shin mutanen Gusau da Azare da Birnin Kebbi suna da inda za su je su kalli irin wannan fim a garuruwansu?

Ba haka al'amarin yake a da ba. Tun a 1937 aka buɗe gidan silima na Rex a Kano, daga baya irin su Palace da Plaza da Orion da El Dorado suka biyo. Yawancinsu na Kwarori ne, fili ne ba rufi, ana nuna finafinan Indiya da na kaboyi da dare. Kuɗin shiga bai fi ƙarfin lebura ko ɗan makaranta ba. A ƙauyuka kuwa motar majigi ce take zagayawa, jama'a su taru a ƙofar fada su kalla kyauta.

Ruwa ba ya tsami banza. Zuwan bidiyo shi ya fara raba mutane da silima, musamman bayan fitowar Turmin Danya a 1990, sa'ad da fim ɗin Hausa ya shiga ɗakuna ta kaset, daga baya ta faifai. Daɗin daɗawa, gidajen da kansu sun yi ƙaurin suna wajen tara 'yan iska, har magidanci ya ga zubar da mutunci ne a gan shi a can, balle iyalinsa. Sannu a hankali aka rurrufe da yawansu. Sa'an nan masu satar fasaha suka kashe kasuwar faifai, annobar korona kuma ta sa aka rufe gidajen kallo na watanni a 2020.

Yau galibin gidajen silima na zamani suna Legas da Abuja da wasu 'yan manyan birane, cikin manyan kantuna, kuma kuɗin shigarsu sai mai hali. Masu gidajen 'yan kasuwa ne, watau fim ɗin da zai cika kujeru shi suke bai wa lokaci mai kyau. Ƙaramin fim, in ma ya sami shiga, 'yan kwanaki zai yi a sauke shi, tun labarinsa bai gama bazuwa ba. Daga ɗan abin da aka samu mai gida ya cire rabonsa, hukuma ta cire haraji, mai fim ya tashi da abin da bai kai kuɗin da ya zuba ba.

Wannan ne ya kora masu sana'ar zuwa YouTube da talabijin, inda shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka sami karɓuwa. Ba mu raina wannan hanya ba, gama idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Illarta dai ita ce ta fi son yawa da sauri. Fim ɗin tarihi ko na adabi irin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, yana bukatar kuɗi da natsuwa, kuma da wuya kuɗin talla kaɗai ya mayar da jarinsa.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohi da su duba abin da ke hannunsu. Akwai ɗakunan taro na hukumomin raya al'adu da na ƙananan hukumomi da na manyan makarantu da suke zaune a kulle yawancin dararen mako. A ba da hayarsu da rahusa ga finafinan da hukumar tacewa ta amince da su, a sa tsaro, a keɓe wa mata da iyali wurinsu, a tashi da wuri. Ƙungiyoyin ɗalibai kuma su riƙa gayyatar masu finafinai, a kalla a tattauna.

Su ma masu sana'ar sai su haɗa kai su tsara zagayen nunawa gari gari, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukuma ta nuna himma wajen tace finafinai. Muna fata ta nuna irinta wajen samar musu kasuwa.