Wa Zai Ɗauki Kayan Mafarkin Nan?



A taron zumuntarmu na kwanan baya lokacin shaida ya ci kusan awa guda, kuma yawancin waɗanda suka tashi mafarki suka kawo. Wani ya ga kansa yana haye kogi da ambaliya, wata ta ga an miƙa mata fitila. Muka tafa, muka ce Halleluya. Amma akwai mafarki guda da ba a kawo gaban zumunta ba, ko da yake duk Unguwar Tudu ta ji shi, kuma shi ne ya zaunar da mu rubuta wannan.

Bayan kaka wani ɗan'uwanmu ya kwanta da zazzaɓi. Dare uku a jere yana mafarkin gwaggonsa tana miƙa masa nama yana ci, in ya farka kuma sai ya kasa motsi, abin nan da muke kira dannau. Bai gaya wa fasto ba, bai gaya wa dattawa ba. Ya ɗauki waya ya aika saƙon murya ta WhatsApp ga wani mai kiran kansa annabi, mutumin da bai taɓa taka ƙasar Gwarzo ko ta Kabo ba. Kafin rana ta faɗi amsa ta zo: gwaggon mayya ce, ita ta ɗaure masa tauraro, kada ya ƙara cin abincin hannunta, ya kuma turo kuɗin addu'a. Ya tura. Ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta gaya wa maƙwabciya.

Gwaggon nan gwauruwa ce, ta shiga zumuntar mata tun ba a haifi yawancinmu ba. Da farko ta koma bencin baya. Yanzu Lahadi huɗu ke nan ba ta zo sujada ba. Yara suna gudu in sun hango ta, daddawar da take sayarwa ta ci abinci da ita kuma babu mai saya. Dukanmu mun san inda kalmar maita take kai mutum a ƙasar nan, ba sai an faɗa ba. Mu kuwa mun ji, mun yi shiru, domin an ce mana mafarki ne, wa zai yi gardama da abin da aka nuna wa mutum cikin dare?

Kada wani ya ce mun ƙi mafarki. Ba mu ƙi ba. Annabi Yowel (2:28) ya yi alkawarin mafarkai da wahayi sa'ad da za a zubo Ruhu, Bitrus kuma ya tsaya ranar Fentikos ya ce alkawarin ya cika. A cikin dattawanmu akwai waɗanda in ka zauna da su za su gaya maka cewa mafarki ne ya fara girgiza gidansu kafin su bar tsafi su bi Yesu. Ba ma yi wa wannan dariya. Allah da ya yi barci yana da iko ya shiga cikinsa ya yi magana. Tambayarmu ita ce yadda za mu gane muryarsa, kuma muna ganin akwai ma'auni guda da muka daɗe muna tsallakewa: in an bi mafarkin nan, wa zai ɗauki kayansa?

Mu buɗe Matiyu. Sau 6 aka ambaci mafarki a cikinsa, 4 daga ciki na Yusufu mijin Maryamu ne. Ku dubi abin da kowanne ya jawo masa. Na farko (1:20) ya same shi ya riga ya yanke shawarar rabuwa da Maryamu a asirce, abin da zai tsare masa mutunci. Mafarkin ya hana shi. Ya ɗauki mace mai ciki ya kai gidansa, ya yarda gari ya yi ta zancensa. Na biyu ya tashe shi da dare ya bar sana'arsa ya zama ɗan gudun hijira a Masar. Na uku da na huɗu suka sake ɗaura masa kaya, suka kai shi Nazarat. Babu ko ɗaya da ya nuna masa wani maƙwabci ya ce ga maƙiyinka, je ka tona masa asiri. Ko Hirudus da ke neman ran yaron da gaske, abin da aka ce wa Yusufu shi ne ya kauce. Duk nauyin a kansa ya sauka, mace da jariri kuma suka tsira.

Haka Bulus a Taruwasa (Ayyukan Manzanni 16). Ya ga mutumin Makidoniya cikin dare yana roƙon taimako. Abu biyu muke so ku lura da su. Luka ya rubuta cewa tare suka auna abin suka tabbata kiran Allah ne, wato Bulus, manzo guda, ya shimfiɗa abin da ya gani a gaban abokan tafiyarsa. Sa'an nan ku ga inda biyayyar ta kai shi: bulala da kurkuku a Filibi. Wani abin murmushi ma, namiji ya gani a wahayin, amma wadda ta fara ba da gaskiya a can mace ce, Lidiya mai sayar da tufafi. Ko wahayin gaskiya ba ya zuwa da kowane bayani daki-daki, balle a ce fuskar da ka gani cikin zazzaɓi ta isa hujjar yanke wa mutum hukunci.

Wani zai ce, ai Yusufu ɗan Yakubu 'yan'uwansa ya gani a mafarki, kuma sun tabbata maƙiyansa. Gaskiya ne. Yana da shekara 17 ya yi mafarkin, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, aka yi shekara 7 na ƙoshi da 2 na yunwa kafin ya bayyana musu kansa. Shekara 22 ke nan. A tsakani akwai rijiya, akwai bauta a gidan Fotifar, akwai kurkuku, kuma duk shi ya sha su. Ranar da mafarkin ya cika, waɗanda suka sayar da shi suna durƙushe a gabansa, me ya yi da su? Ya cika musu buhuna da hatsi. In har ɗan'uwanmu ya tabbata Allah ne ya nuna masa gwaggonsa, to ga abin koyi nan a Farawa 45, ya kai mata dawa.

Amma ba mu gaskata Allah ne ya nuna masa ba, kuma gara mu faɗa a fili. Mutum mai zazzaɓin cizon sauro yana mafarkai masu ban tsoro, duk wanda ya taɓa kwanciya da shi ya sani. Mai Hadishi (5:3) ya ce yawan damuwa yana kawo mafarki. Saurayin da ya gama makaranta babu aiki, taki ya yi tsada, ya kwana yana kallon finafinan mayu a waya, me kuke so ya gani in ya rufe ido? Irmiya 23 ta kwatanta mafarkin annabawan ƙarya da ƙaiƙayi, maganar Allah kuma da alkama. Mu 'ya'yan manoma ne, mun san ƙaiƙayi da tsaba a masussuka ɗaya suke fitowa, sai an sheƙe ake rabewa. Ba wanda yake zuba abin da bai sheƙe ba a tukunya. Maimaitawar Shari'a 13 ta ƙara tsanantawa: ko abin da mai mafarki ya faɗa ya auku, in yana janye mutane daga bin Ubangiji, kada a saurare shi. Doka ta tara ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, Littafi kuma bai yarda a kama mutum da laifi ba sai da shaidu biyu ko uku. Ba mu ga inda aka ce mafarki ya soke wannan ba.

Akwai wani abu da ya kamata ya ba mu kunya. Kakanninmu in sun yi mummunan mafarki wurin boka suke zuwa, ya ce a kawo baƙar kaza ko jan zakara, ya kuma nuna wanda ya yi jifa, sau da yawa wata tsohuwa ce marar mai tsaya mata. Iyayenmu suka bar wannan, wasu da tsada ƙwarai, har da rasa gado da dangi. Yau ga mu da Littafi Mai Tsarki a aljihu muna yin abin nan dai, sai dai kazar ta koma kuɗin da ake turawa ta waya, bokan kuma yana buɗe magana da sunan Yesu. Aikin bai canja ba: ka kawo tsoro, a sayar maka da sunan wanda za ka ƙi.

Ku gwada shi da William Wade Harris, mutumin Laberiya. A 1910 yana kurkuku ya ce mala'ika Jibra'ilu ya bayyana gare shi ya aike shi wa'azi. Daga 1913 ya bi bakin teku a ƙasa, ba takalmi, da farar riga da sandar gicciye da Littafi, ya ratsa Kwaddebuwa har cikin ƙasar da ake kira Gana yanzu. Masu tarihi suna cewa wajen mutum 100,000 ne suka karɓi baftisma cikin shekara ɗaya da rabi. Turawan Faransa suka kore shi. Ba mu yarda da dukan koyarwarsa ba, musamman kan auren mata da yawa. Amma bai tara dukiya da wahayinsa ba, ya mutu talaka a 1929. Abin da ya bar wa mutanen shi ne su ƙone kayan tsafi, su kiyaye ranar Lahadi, su gina ɗakunan sujada, su jira masu zuwa da Littafi su koya musu. A 1924 wani ɗan mishan na Metodis, William Platt, ya iske dubbansu suna nan suna jira. Haka aka yi da Karniliyas a Ayyukan Manzanni 10: mala'ikan bai yi masa wa'azi ba, ya ce ya aika Yafa a kira Bitrus. Wahayin ya tura shi wurin Maganar da wurin mutane.

Mu a ƙasar Hausa muna da namu labarin jira. Malam Ibrahim na Kano ta wurin karatu ya ƙwallafa rai ga Isa Almasihu, aka kashe shi wajen 1867, mabiyansa da ake kira Isawa suka warwatsu. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka je Zariya wurin Dokta Walter Miller suna neman a ƙara musu sani, daga nan aka kafa zangon Gimi, daga baya aka koma Wusasa. Sai a 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Mutane sun jira shi tsara biyu. Mu muna da shi a waya, amma in an ce a zo nazarin Littafi mutum goma ne, in an ce wani zai fassara mafarkai ɗakin ba ya ɗaukarmu.

Maganar sāke rayuwa kuma, wadda muke yawan jingina wa mafarki. John Newton, wanda ya rubuta waƙar Amazing Grace, ya ba da labarin wani mafarki da ya yi yana saurayi ma'aikacin jirgin ruwa, na wani zobe da aka ba shi amana ya jefar a teku. Ya firgita shi 'yan kwanaki, sa'an nan ya manta da shi shekaru. Guguwar teku ta 1748 ce ta sa ya fara kira ga Allah, duk da haka ya ci gaba da tuƙa jirgin bayi daga gaɓar Afirka har 1754. Sai a 1788 ya fito fili ya rubuta yana tir da cinikin. Matar Bilatus ma ta yi mafarki na gaskiya a kan Yesu (Matiyu 27:19), saƙon ya isa kunnen mijinta yana kan kujerar shari'a, ya ji, ya wanke hannu ya ba da shi. Mafarki yana iya tashin mutum, amma tuba da rana ake yin ta, ido biyu, a gaban waɗanda ka ɓata wa.

Saboda haka ga abin da muke roƙon zumunta. Wanda ya yi mafarkin da ya tsaya masa a rai, ya rubuta shi, ya yi addu'a, ya ba shi lokaci kamar yadda Yakubu ya riƙe maganar ɗansa a zuci, ya kai wa fasto ko dattijon da ya san shi ya san gidansu. In mafarkin yana cewa ka bar kwalba da ƙwaya, ka mayar da kuɗin da ka ci, ka nemi gafarar mahaifinka, ka koma makaranta, ba ka bukatar dogon bincike, Littafi ya riga ya faɗa, tashi ka yi. In kuwa yana ɗora wa wani kaya kai kana hutawa, a tsaya. Wannan ya haɗa da 'yan'uwa maza masu tare 'yan mata bayan sujada da cewa an nuna musu ita ce matarsu. 'Yar'uwa, ba a ɗaure ki da mafarkin wani ba. In Allah yana da magana a kan aurenki ya san inda kike kwana. Kai kuma in kana sonta, ka faɗa da bakinka, ka tura iyaye, ka ɗauki amsar da aka ba ka.

Ɗan'uwanmu ya warke bayan ya sha maganin zazzaɓi, mafarkin bai dawo ba. Mun zauna da shi tare da fasto, an yi magana mai tsawo, ya yi kuka. Har yanzu bai iya zuwa shi kaɗai ba, mun kuma fahimta. Mu ma muna da laifi, domin mun ji yara suna kiranta da sunan nan a hanyar rijiya ba mu tsawata ba.

Ranar Asabar da ƙarfe 7 na safe za mu haɗu a bakin coci mu tafi gidanta tare da shi. Dangarta ta faɗi ta gefen gabas, masu iya ɗaurin kara su zo da igiya. 'Yan mata su zo da kuɗin daddawa. Mun roƙi shugabar zumuntar mata ta riga mu shiga ta yi mana sallama, domin ba mu san ko Gwaggo za ta yarda ta fito ba. In ta kawo ruwa ko kunu, shi ne zai fara sha.