Gambarar Zamani Ma Adabi Ce

Jama'a, mu gaya wa kanmu gaskiya. Da zarar an ambaci yaran nan masu gambarar zamani, wato hip-hop, sai wasu malamanmu su yamutsa fuska, wai shirmen Amurka ne. Lalle a unguwar Bronx ta birnin New York aka haife ta a 1973. To amma duk wanda ya kasa kunne ga samarin Kano da Jos da Yamai zai ji amsa-amo da kirari da zambo da habaici, kayan gidanmu tsaf.

Yaran nan ba su da ubangida, ba su da kamfani. Da guminsu suke biyan situdiyo, su harhaɗa waƙoƙi su raba kyauta, su ɗauki bidiyo a lungun unguwa. Ran da waya ta lalace, waƙa ta bi ruwa.

Ashe mun manta Shata ma maroƙi aka ce masa, kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988? Mu tattara, mu rubuta, mu nazarta tun yanzu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta tun tana sabuwa.