"Yana Hanya": Yadda Jiran Wata 16 Ya Kashe Mini Ɗokin Fiyano

Ranar Talatar da ta wuce, ina zaune gindin gawo bayan an tashi daga makaranta, sai wayata ta yi ƙara. Alhajin da na ba kuɗin fiyano ne yake kira daga Maraɗi. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, albishirinka, kayanka sun iso Yamai, saura duwan kawai." Na ce goro, na yi masa godiya, na ajiye waya na ci gaba da duba takardun ɗalibai. Sai da dare bayan mun ci tuwo na tuna ko maiɗakina ban gaya wa ba. Da a bara ne aka yi mini wannan kiran, da kafin magariba duk Agye an ji labari.

Wannan sanyin da na ji a raina shi ya sa ni rubutun nan. Ina ganin akwai asarar da ba mu lissafawa idan ana maganar jinkirin kaya a ƙasar nan, kuma ina ganin mu da kanmu, masu saye da masu sayarwa, muna da hannu a ciki fiye da yadda muke yarda.

Ni malamin makaranta ne, kiɗa kuwa sana'ar gefe ce. Ina buga wa mawaƙan biki fiyano a Agye da ƙauyukan kewaye, wani lokaci har Gazawa da Cadawa. Tsohon fiyanona ya gaji: maɓallai uku sun mutu, kuma ba ya tashi sai da wutar lantarki ko janareto. Shi ya sa na ƙwallafa rai ga ƙaramin Yamaha mai maɓallai 61, wanda batir shida ke tayar da shi, a sa shi a jaka a ɗaura bayan babur a shiga kowane ƙauye. Na yi kiwon rago na sayar gab da babbar sallar 2023, na haɗa da kuɗin ayar da na ajiye tun kaka, na kai wa wani ɗan kasuwa a Maraɗi jika 130 kafin alƙalami. Ya ce zai sa a cikin odarsa ta gaba, ta Kwatano za ta biyo, sati shida ya yi yawa. A farkon Yuli ke nan.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta ƙaƙaba takunkumi. Benin da Najeriya suka rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, ƙetaren Gaya, suna kallon gada ba damar hayewa. Najeriya ta yanke wuta, mu kuwa a nan layin da ke ba mu wuta daga Katsina yake fitowa ya sauka Gazawa, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Wato a daidai lokacin da fiyano mai batir zai fi yi mini amfani, a lokacin ne hanyarsa ta toshe. An ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024, iyakarmu da Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu. Kaya suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, hanya mai nisa, mai tsada, mai haɗari.

Saboda haka ban ɗora wa Alhaji laifin jinkiri ba. Ba shi ya rufe gada ba. Na san 'yan kasuwar da kwantenoninsu suka yi watanni a tashar jiragen ruwa, kuɗin ajiya yana hawa kullum, har ribar ta ƙare aka shiga cin uwar kuɗi. Asarata kusa da tasu wasan yara ce. Ko a ƙasashen Turawa ma ana jira. Gobarar da ta cinye masana'antar AKM a Japan cikin Oktoban 2020, inda ake ƙera ƙananan na'urorin sauti, ta haɗu da ƙarancin kayan lantarki na zamanin korona, masu sayen kayan kiɗa da yawa suka yi watanni suna jiran abin da suka yi oda. Sai dai a can yawanci ana rubuto maka cewa rana ta ɗaga, kuma in ka gaji ka ce a mayar maka da kuɗinka.

Inda nake da ƙorafi shi ne kalma biyun nan: "yana hanya". A Satumba yana hanya. A Disamba yana hanya. Da azumi ya zo aka ce bayan salla, da salla ta wuce aka ce ayari na gaba. Sau ɗaya tak Alhaji bai taɓa ce mini, "Malam, gaskiya kayan nan ban san ranar zuwansu ba, in kana so karɓi kuɗinka," ba. Daga baya ne na ji ta bakin yaron shagonsa cewa lokacin da aka rufe iyaka ko lodin odar ba a yi ba. To wace hanya ke nan kayan suke kai duk tsawon watannin?

Na san dalilin da ya sa muke yin haka. Muna jin nauyin faɗa wa mutum abin da ba zai ji daɗi ba, muna ɗaukar "gobe in sha Allahu" a matsayin ladabi. Mai saye shi ma yana jin kunyar matsa wa dattijo, kada a ce ba shi da tarbiyya. Ni kaina duk kiran da na yi sai na fara da tambayar iyali da kasuwa da gajiya, sannan a ƙarshe in ce, "Alhaji, ko akwai labari?" kamar mai roƙon bashi. Amma wannan kawaicin yana da farashi, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ke biya.

Ga abin da ya ci mini. Na farko, kaka guda cur. Duk wanda ya san yankinmu ya san biki yana bin amfanin gona. Sai an cire gero, an roro wake, an sayar da aya da gyaɗa, sannan ake ɗaura aure. Daga Nuwamba zuwa kafin azumi makaɗi ke samun abin da zai riƙe shi shekara. A kakar 2023 na karɓi alkawarin biki biyar a ƙauyukan da ba wuta, na dogara da kayan da aka ce mini sun kusa. Uku na mayar da kuɗinsu ina ba da haƙuri, biyu na yi hayar janareto, abin da na samu ya tafi a mai. Yau masu bikin nan wani yaro suke kira, mai kwamfutar tafi-da-gidanka da manhajar FL Studio, wanda bai jira kowa ba.

Na biyu, dama. Da iyaka ta buɗe a Maris 2024, naira ta faɗi ƙasa warwas, sefa tana da daraja a kasuwannin Kano. Da kuɗina na hannuna, da na bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, na shiga Sabon Gari na ɗauki fiyano na gwada shi da yatsuna, na dawo gida cikin kwana biyu. Zuwa da kai ya fi aike. Amma kuɗin suna wurin wani, shi kuma yana ce mini saura ƙiris.

Na uku shi ne wanda ba a iya kai ƙararsa ko'ina, wato ɗoki. A watannin farko na sauke littafin bayanin fiyanon a waya, na karance shi tas. Na san lambar kowane sauti, na tsara waƙoƙin da zan fara bugawa, har na sa tela ya ɗinka masa jaka mai soso saboda ƙura da gargadar hanya. Kullum da dare ina kallon bidiyon masu gwada shi har data ta ƙare. Wajen wata na shida na daina kallo. Wajen na goma na daina kiran Alhaji, sai in ya kira. Jakar yanzu littattafan yara ne a ciki. Waƙoƙin da na tsara a kaina sun tsufa ba a taɓa jin su ba, salon kiɗan da ake yayi a lokacin ma ya wuce. Wani zai ce wannan ai ba asara ba ce, tunda kayan za su zo. Duk mai sana'ar hannu ya san ba haka ba ne. Marmari shi ke tashin mutum da asuba ya koyi sabon abu, kuma yana da lokacinsa kamar shuka. In damina ta wuce, ko an kawo maka iri mai kyau sai ka jira wata.

Ba ni kaɗai ba ne. Wata ƙanwar maiɗakina a Gazawa ta zuba adashi ta biya kuɗin keken ɗinki, kafin ya iso ta koma saƙar hula ta manta da zancen. Wani abokina a Gidan Rumji ya biya kuɗin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana don lambunsa a bakin Gulbin Maraɗi, rani ya zo ya wuce yana jan guga. Kowannenmu amsa ɗaya aka riƙa ba shi.

Ana yawan ce mini, "Malam, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa." Na yarda da haƙuri, amma haƙuri da ƙaddara daban, haƙuri da rufa-rufa daban. Rufe iyaka ƙaddara ce a wurina. Ɓoye mini gaskiya kuwa zaɓin mutum ne. Kuma ba baƙon tsari nake nema ba. Malamanmu na fiƙihu da suka yi bayanin cinikin salam, wanda ake biyan kuɗi kafin a karɓi kaya, sun sharɗanta a san siffar kayan, a san adadinsu, a kuma san ajali. Tun kafin a ƙirƙiro rasiɗi aka gane cewa kuɗi a hannun wani ba tare da rana ba mafarin rigima ne.

Shawarata ga 'yan kasuwarmu, musamman na Maraɗi da muke alfahari da su wajen riƙon amana: in za ku karɓi kafin alƙalami, ku rubuta rana a takarda. Ku ƙara layi ɗaya, cewa in rana ta wuce da wata guda, mai kuɗi yana da zaɓi, ya jira ko ya karɓi abinsa. In hanya ta ɓaci, ku riga shi kira. Wanda aka gaya wa gaskiya mai ɗaci zai ɓata rai na kwana biyu ya dawo shagonku. Wanda aka yi wa "yana hanya" wata 16 zai karɓi kayansa ya yi godiya, ba zai sake dawowa ba, kuma zai gaya wa abokansa dalili. Mu masu saye kuma mu cire kunya. Neman takarda ba rashin yarda ba ne, tambayar "yaushe" ba rashin ladabi ba ce.

Saura laifina, wanda shi ya fi ci mini rai. Tunda na biya kuɗin nan na raina tsohon fiyanona. Na daina atisaye da shi, ina cewa bari sabon ya zo. Gyaran maɓallai ukun da bai fi jika biyar ba na ƙi yi, wai asarar kuɗi ce. Alhali tarihin wannan kiɗa a ƙasarmu tarihin masu amfani da abin da ke hannunsu ne. Mamman Sani da ogan ɗinsa guda na Orla, ƙirar Italiya, wanda ya saya a hannun wani ɗan Ruwanda da suka haɗu a taron UNESCO, ya naɗi kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a 1978. Shekara da shekaru 'yan Nijar suna jin sautinsa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta ji. Hama na Yamai da tsohon Yamaha PSR-64 ya yi kiɗan da ya zagaye ƙasar nan ta memori da bulutut. A Kano ma, ƙananan fiyanon Yamaha ne a situdiyoyin ƙarshen shekarun 1990 suka haifar da kiɗan finafinan Hausa da muka tashi muna ji. Babu ɗayansu da ya zauna jiran gawon shanu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ni kuwa na jingine nawa guntun fiye da shekara.

A watan jiya na ɗauki tsohon na kai wa wani mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya buɗe shi, ya goge ƙura, ya canza robar da ke ƙarƙashin maɓallan, biyu suka tashi. Na ukun can ƙarshe yake, ba na cika taɓa shi ba. Na sayi batirin babur da ƙaramar na'urar juya wuta, yanzu yana yin awa uku ba janareto. Ranar Asabar ina da biki a wani ƙauye kan hanyar Gazawa, da shi zan tafi.

Sabon kuwa, in ya fito daga duwan zan hau mota in je Maraɗi, in cika wa Alhaji sauran kuɗinsa, in karɓa. Zan gaya masa abin da na rubuta a nan baki da baki, cikin girmamawa, domin akwai wasu a bayana da ke shirin ba shi nasu kuɗin ragon. Allah ya buɗe mana hanyoyi, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya ba mu ikon cika alkawari.