Kafin ka taya kangon masana'anta a Sharaɗa

Bara da rani kawuna ya ce in raka shi Sharaɗa. Shekara talatin yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, yanzu yana so ya zuba abin da ya tara a ƙasa kafin faɗuwar naira ta ƙarasa cinye shi. Ni aikina duba littattafan kuɗi na 'yan kasuwa, shi ya sa ya ɗauke ni. Dillali ya kai mu wata tsohuwar masaƙa mai doguwar katanga, ya ce: "Alhaji, ta kusa da ita miliyan ɗari bakwai aka sallama. Wannan ɗari shida, don kai ne." Na tambaye shi wa ya saya, yaushe, kuma ko a gabansa aka biya. Sai ya ce haka ake faɗa.

A kan "haka ake faɗa" ake sa wa kadarorin Sharaɗa da Chalawa da Bompai kuɗi, kuma abin yana damuna ƙwarai. Kwatanta kadara da makwabciyarta hanya ce ta gaskiya, da ita masana ke farawa. Amma kwatanci yana bukatar cinikin da aka gama, ba kuɗin da mai kaya ya yanka ba. A nan kuwa kangon masana'anta sai ya shekara da shekaru bai sauya hannu ba, in ma an sayar, sau da yawa kuɗin da ake rubutawa a takarda bai kai wanda aka biya ba, don a rage haraji. Dillali kuma la'adarsa tana hawa ne da hawan farashi. Ba na zarginsa, sana'arsa ce, amma wanda ya tsaya a bakinsa kaɗai ya yi cinikin biri a sama.

Wanda ya fi amfanar mu ranar shi ne maigadi, dattijon da ya ce ya yi aiki a kan injin saƙa a nan tun yana saurayi. Na ce, "Baba, da damina yaya wurin yake?" Bai amsa ba, ya ja mu ciki ya nuna mana bango: shatin ruwa ya kai gwiwa. Muka ɗaga kai, rana tana shigowa ta hujojin kwano, tantabaru sun yi sheƙa a kan ƙarafan rufi. A bayan ginin ga dakalin taransfoma babu taransfoma, wayoyin an yanke su tun daga tushe.

Mai wurin, kamar yawancin masu irinsa, yana lissafi ne da abin da za a kashe a gina irinsa yau. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500, siminti da rodi suka bi ta, don haka lissafin nasa kullum sama yake yi. Sai dai ya manta da cire tsufa, da cire gyara, da cire abin da ya fi su zafi: an tsara ginin ne don sana'ar da ta mutu. Masaƙun Kano sun fara durƙushewa tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, rashin wuta da kayan China suka ƙarasa su. Ɗakin tukunyar tururi da dogon bututun hayaƙi, ga mai saye na yau, kuɗin rushewa ne.

Abin da na gaya wa kawu, kuma nake gaya wa duk mai son saye, shi ne ya fara da haya. Yawancin waɗannan gine-gine yau sito ne na shinkafa, taliya, taki da kayan roba. To je ka tambayi masu haya uku ko huɗu a layin nawa suke biya a shekara, kuma faɗin wurinsu mita nawa ne. A ce bayan gyara wurin zai kawo miliyan 30 a shekara. Cire gadi, gyaran rufi, harajin ƙasa da watannin da zai zauna babu kowa, a ce saura 24. In ka biya miliyan 600, ribarka kashi 4 cikin ɗari ce, sai ka shekara 25 kafin uwar kuɗinka ta dawo, ba a ma sa kuɗin gyaran farko ba. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5. Wanda ya ciwo bashin banki ya sayi irin wannan wuri ya haƙa wa kansa rami.

Kawu ya ce, "Ai ƙasa ba ta faɗuwa." Yana da gaskiya rabi. A Bompai, wadda gari ya riga ya haɗiye, tana maƙwabtaka da Nassarawa GRA, filin ya fi ginin da ke kansa daraja, domin ana iya mai da shi gidaje ko shaguna. Amma wannan darajar tana rataye ne da izinin sauya amfani daga hukuma, kuma duk wanda ya ga rusau na 2023 a tsohon otal ɗin Daula da Filin Idi ya san gini ba ya kare kansa. A Chalawa lissafin daban ne. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023 tana ƙara wa sito daraja, amma filin da majema ta shekara tana zubar da ruwan sinadari a kansa ba kowane mai kayan abinci zai karɓe shi ba. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, dillalai sun daɗe da sa shi cikin farashi. Ni ba na biyan kuɗin gas ɗin da bai iso ƙofar masana'anta ba. Wuta ma a tambayi layin da wurin yake, domin a watan Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar layukan da ake kira Band A naira 225 kowane yunit.

Sai takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da kake saye wa'adi ne, kuma cinikin bai cika ba sai da amincewarsa. Masana'antar da aka ba wa takarda a shekarun 1970 ta ci da yawa daga wa'adinta. Mun sa lauya ya yi bincike a hukumar bayanan filaye ta Kano, KANGIS, muka kuma biya mai ƙiyasta kadara mai rajista, ɗan ƙungiyar NIESV. Binciken ya nuna harajin ƙasa na shekaru ba a biya ba, ga jinginar banki da ba a warware ba. Duk abin da muka kashe a kan lauyan da mai ƙiyastawar bai kai rabin la'adar dillali ba.

Ina roƙon gwamnatin Kano ta sa KANGIS ta riƙa fitar da farashin cinikin da aka yi wa rajista a waɗannan unguwanni uku, ko da babu sunan kowa, ta kuma sassauta kuɗin rajista don mutane su daina ɓoye gaskiyar abin da suka biya.

Kawu ya taya da abin da lissafin haya ya bayar, da sharaɗin a cire bashin da ke kan takarda. Mai wurin ya ce albarka. Makon jiya na bi ta layin, maigadin yana zaune a kan bencinsa, wani ɓangare na kwanon kuma iskar damina ta yaye shi.