FILIN MOTA DA MAKANIKI: Injin Da Aka Yi Wa Garambawul Zai Iya Jan Gida?

A wannan mako filin namu zai yi nisan kiwo, don kuwa ƙasar Ostareliya za mu leƙa. A can, idan mutum ya yi ritaya ya karɓi kuɗin sallamarsa, sau da yawa ba ya zama ƙofar gida yana ƙirga kwanakin wata. Sai ya sayi wani ɗaki mai tayoyi, da gado da madafa da makewayi a cikinsa, ya maƙala shi a bayan motarsa mai ja da ƙafa huɗu, shi da uwargida su kama hanya. Bari mu kira ɗakin nan tafi-da-gidanka. Babbar hanyar da ta kewaye ƙasar ta kai wajen kilomita 14,500, kuma akwai masu shekara guda cur suna bin ta.

To, ba kowane dattijo ke da halin sabuwar mota ba. Da yawa tsohuwar Land Cruiser ko Nissan Patrol gare su, wadda injinta na dizal ya gaji aka sauke shi aka yi masa garambawul. Shi ya sa in sun haɗu a zango ba su da gardamar da ta wuce wannan: za a iya amincewa da irin wannan inji ya ja ɗaki mai nauyin kilo 2,500 ko 3,000 ya ratsa daji? Tambayar ba ta wasa ba ce. A filin Nullarbor da ke kudancin ƙasar akwai inda hanya ta miƙe sambal har kilomita 146 babu kwana ko ɗaya, babu gari, ga zafin da kan haura digiri 40 a watannin Disamba da Janairu. Wanda injinsa ya buga a nan, kuɗin janwe kaɗai ya isa ya cinye guzurin tafiyar.

Amsata ita ce, i, za a iya, amma da sharaɗi guda: sai in wanda ya yi aikin ya gano abin da ya kashe injin tun da fari. Inji ba ya mutuwa haka kawai. Idan aka zuba sababbin fistin da ringi aka bar cutar a inda take, to an yi wa mara lafiya sabuwar riga ne kurum, kuma ranar da aka ɗaura masa kaya zai sake kwantawa.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na wani inji mai suna ZD30, mai silinda 4 da lita 3, wanda aka fara sayar da Patrol da shi a Ostareliya a 2000. 'Yan farkonsa sun yi ƙaurin suna wajen fasa fistin, har masu motoci suka laƙaba masa suna gurneti. Da makanikai suka bi diddigi sai suka ga yawanci zafi ne sanadi. Akwai wata 'yar na'ura a bakin hanyar iska wadda ke gaya wa kwamfutar motar yawan iskar da ke shiga. Idan tururin baƙin mai ya ɓata ta sai ta riƙa ba da labarin ƙarya, ita kuwa kwamfuta ta auna man dizal ba daidai ba. A injin dizal kuwa, mai karatu, duk sa'ad da mai ya yi wa iska yawa, zafi ne ke ƙaruwa. Daga baya kamfanin ya ƙara yawan baƙin man da ake zuba wa injin zuwa sama da lita 8, su kuma masu motocin suka koyi ɗaura gwangwanin tare tururin mai, da agogo biyu a gaban direba, ɗaya na ƙarfin iskar tarbo, ɗaya na zafin hayaƙi. Wanda ya yi wa irin wannan inji garambawul bai taɓa waɗannan ba, kuɗinsa ya zubar.

Agogon zafin hayaƙin nan ya kamata mu ɗan tsaya a kansa. Allurar zafin ruwa da muka saba kallo malalaciya ce, kafin ta motsa ɓarna ta riga ta auku. Fistin da alminiyon ake yin sa, shi kuwa alminiyon yana narkewa a digiri 660. Hayaƙin injin da ke jan kaya a kan hawa yana iya wuce haka, abin da ke ceton fistin shi ne baƙin mai da ruwa da ke kwashe zafin. Don haka masu jan tafi-da-gidanka da yawa, idan agogon da aka dasa a bayan tarbo ya doshi 550, sai su ɗaga ƙafa su sauko giya. Haka kuma ƙwararrunsu ba su jan nauyi a giya ta 5, sun fi son ta 4, ko da za a sha mai, domin inji ya sami numfashi, akwatin giya kuma ya huta.

Akwai kuma 1HZ na Toyota, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ya fito a 1990. Wannan ba baƙo ba ne gare mu, shi ne a cikin Land Cruiser da yawa da ke ratsa sahara daga Agadas. Ba shi da tarbo, ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, saboda haka da ɗaki a bayansa tafiyar hawainiya yake yi a kan tudu. Amma fa yana isa. Matsalarsa takan fara ne ranar da mai shi ya ƙosa da nawarsa, ya sa aka ɗaura masa tarbo aka buɗe famfon mai, alhali kuwa ba a ƙera fistin ɗinsa don wannan wuta ba.

Sai mu zo ga kalmar garambawul ita kanta, wadda ake yi wa riƙon sakainar kashi, can da nan. Abin da gareji da yawa ke kira garambawul, ringi ne kawai da gasket da fenti. Aikin gaskiya kuwa sai an auna kowace silinda, an gyara ta ko an sa mata sabuwar riga, an auna karanshaf an sa metal daidai da shi, an gwada kan inji ko ya tsage, an kai nozul da famfon mai wurin masu gwaji. Lagireto kuma a buɗe shi a wanke, ko a sake shi. Mai saye ya nemi takardar da ta nuna abin da aka auna da abin da aka canza, da garanti a rubuce. In mai gareji ya fara kame-kame a nan, to ka sami amsarka.

Ni kaina na sha wannan ɗaci. Shekarun baya na kai wata tsohuwar motata gareji aka yi mata ringi, bayan 'yan makonni na ɗaura mata tirela da injin ba da wuta zan kai Jos. A Hawan Kibo ta tafasa, ta tsaya cik. Da aka buɗe, ashe rabin lagireton a toshe yake da laka, tamostat kuma an cire an yar, wai don kada ta yi zafi. Wannan toshewar ce ta kashe injin da fari, ita ce kuma ta sake kashe shi, ni kuwa na biya kuɗin ringi sau biyu. Laifin ba na makanikin kaɗai ba ne, ni ma ban tambaya ba.

Wani abin da dattawan Ostareliya masu hankali ke yi, wanda ni ban yi ba, shi ne haƙuri. Sabon ringi yana bukatar ya zauna da bangon silinda. Ba a barin injin yana ta aiki a tsaye na sa'o'i, domin haka kan sa bangon ya yi santsi har ya riƙa shan mai, ba a kuma ɗaura masa gida tun ranar farko. A yi ta yawo da shi da matsakaicin kaya, ana sauya gudu, har wajen kilomita 1,000, sa'an nan a juye baƙin mai a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Bayan haka sai a maƙala tafi-da-gidanka a nemi tudu mafi tsawo kusa da gida, a hau shi da tsakar rana, ido na kan agogo. In allura ta tsaya inda ya kamata, kuma babu baƙin hayaƙi a madubi, uwargida na iya fara ɗaure kaya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.