Kimiyya A Ƙofar Gida: Me Ya Haɗa Ƙura Da Girgije?

Wata ɗaliba daga Hanwa ta aiko da tambaya mai daɗi. Ta ce da damina takan ga farin girgije ya taru kamar tulin auduga ta wajen dutsen Kufena, gindinsa a baje kamar an yanka da wuƙa, amma da hunturu sai hazo kawai. Me ya sa?

Wannan girgijen shi masana ke kira kumulus. Idan rana ta gasa ƙasa da hantsi, iskar da ke kusa da ƙasa takan yi zafi ta tashi sama ɗauke da tururin ruwa. Tana hawa tana sanyi, kusan digiri 1 a kowace mita 100. Akwai tsayin da in ta kai, sanyin ya isa tururin ya koma ruwa. A nan girgijen ke farawa, shi ya sa gindinsa ke zama layi ɗaya.

To amma tururi ba ya zama ɗigo haka kawai, sai ya sami abin maƙalewa: ƙwayar ƙura, ko ta hayaƙi, ko gishirin teku. A 1880 wani masani ɗan Sikotilan, John Aitken, ya nuna haka. Ya tace iska ya raba ta da ƙura, ya sanyaya ta, girgije ya ƙi fitowa. Da ya sa iskar da ba a tace ba, nan take ya bayyana. Ke nan ruwan saman da ke sauka a rufin gidanku, a kan irin waɗannan ƙwayoyin ya fara.

Sai ku ce, ai hunturu ya fi kowane lokaci ƙura, ina girgijen? Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma babban ɓangaren ƙurarta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake, busasshen gindin tsohon tafki. Ta zo da abin maƙalewa jingim, amma ba ta zo da danshi ba. Leɓunanku da ke tsagewa shaida ne. Ƙari a kan haka, hazon na tare hasken rana, ƙasa ba ta yin zafin da zai tunkuɗa iska sama. Sai wajen Afrilu zuwa Mayu, idan iska ta juyo daga Tekun Atlantika da danshinta, sannan tulin audugar ke dawowa Zariya.

Wurin da na fi so ku lura shi ne nan. Yawan ƙwayoyin ba ya nufin yawan ruwa. Ku ɗauka kwano ɗaya na tuwo ne aka raba wa yara hamsin maimakon biyar. Idan hayaƙi ya yi yawa, ruwan da ke cikin girgije yakan rarrabu zuwa ɗigo masu yawa ƙanana ƙwarai. Sean Twomey ya bayyana wannan a shekarun 1970. Sai kusan ƙananan ɗigo miliyan 1 sun haɗu kafin a sami ɗigon ruwan sama guda, kuma in sun cika ƙanƙanta haɗuwar na jinkiri. Ni dai tun da na san haka, ƙona taya da bola da ake yi a unguwanninmu ya daina zama mini maganar tari kaɗai.

Ga aikin wannan mako, amma a gaban malami ko wani babba. Ku sami gorar roba mai haske, ku zuba ruwan ɗumi kaɗan, ku rufe, ku matse ta da ƙarfi ku saki. Ba za ku ga abin kirki ba. Sai ku buɗe, a kunna ashana a hure, a jefa ta ciki da hayaƙinta, ku rufe ku sake matsewa ku saki. Ku rubuto mana abin da kuka gani, da sunan makarantarku.